Sabulun da Ba a Ɗauraye ba, Shi Ma Dauɗa Ne



Yau da wata tambaya na zo muku, wadda ta taso mini daga inda ban zata ba, wato daga ɗan lungun da nake ajiye injin wankina. Tambayar kuwa ita ce: shin abin da aka yi domin gyara yana iya juyewa ya zama shi ne ɓarna? Idan yana iyawa, yaushe yake juyewa, kuma laifin wa ke nan, tunda mai yin sa da kyakkyawar niyya ta yi? Ku ba ni aron hankalinku in fara da abin da ya faru a gidana, sannan mu dawo kan tambayar tare.

Kwanakin baya na lura kayan da nake fitarwa daga inji suna wani irin wari, irin na tsumman goge-goge da ya kwana a jiƙe. Idan sun sha rana sai warin ya lafa, amma da zarar maigida ya sa riga ya ɗan yi gumi, ko yaro ya fito wanka ya goge jiki da tawul, sai warin ya dawo sabo. Me kike zaton na yi? Abin da yawancinmu za mu yi: na ƙara sabulu. Da ludayi ɗaya nake zubawa, na koma biyu. Na sayo ruwan nan mai ƙamshi da ake zubawa don kaya su yi laushi, ina cika gurbinsa har yana tumbatsa. Bayan an yi guga kuma in ɗora kaya a kabbasa in turara su. Duk da haka wari yana nan daram. Daga nan sai na fara zargin yarinyar da ke taya ni aiki, ina cewa ita ce take barin kaya a cikin inji ba ta shanya su da wuri. Wata rana ma na yi mata faɗan da har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Da abin ya ishe ni sai maigida ya turo mai gyara. Ya zaro aljihun da ake zuba sabulu, ya ɗaga robar da ke bakin ƙofa, ya kwance 'yar matatar da ke can ƙasa. Wallahi 'yar'uwa, sai da na ja da baya. Wani yauƙi ne baƙi-baƙi, mai danƙo, kamar wanda ake kwashewa a kwata. Na ce, "Malam, wannan ƙazanta daga ina ta shigo?" Ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, ai ruwa ba ya tsami banza. Injinki lafiyarsa lau. Wannan da kike gani sabulunki ne da ruwan laushinki, su suka taru suka kama datti suka zauna." Na ce, "Sabulu kuma? Sabulun da ke fitar da datti?" Ya ce, "Shi fa, Hajiya. Wanda ruwa ya tafi da shi ya yi aikinsa. Wanda ya rage kuwa, shi ma datti ne."

Ya karɓi kuɗin aikinsa ya tafi, amma maganar nan tasa ta ƙi barina.

Yadda sabulu ke aikinsa

Kafin mu shiga batun ɗabi'a, ya kamata mu fahimci abin da ke faruwa a cikin baho, domin a nan hujjar take. Sanin kowa ne ruwa da mai ba sa haɗuwa, kuma yawancin dattin tufafi maiƙo ne ke riƙe da shi: maiƙon jiki, man shafawa, man miya. Shi sabulu ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kowace ƙwaya tana da kai biyu. Kai ɗaya yana son mai, ɗayan yana son ruwa. Idan aka cuɗa kaya, sai kan da ke son mai ya nutse cikin maiƙo, ƙwayoyin su kewaye shi su ɓamɓaro shi daga zare, kan da ke son ruwa kuma ya riƙe shi yana yawo a cikin ruwan. Kin ga ke nan sabulu bai kai datti ko'ina ba, ya dai ɗaga shi ne ya riƙe. Mai tafiya da shi ita ce ɗauraya. In ba a ɗauraye da kyau ba, da sabulun da dattin da ya rungumo duk sai su koma su kwanta a jikin kaya da jikin inji.

Kakanninmu da ruwan toka da sabulun salo suka yi wankinsu, kuma sun san darajar ɗauraya, domin a bakin rijiya ko rafi suke yi, suna kallon ruwa har sai ya fito garau. Garin sabulun nan na zamani baƙo ne. Kamfanin Henkel na Jamus ya fito da Persil a 1907, kamfanin Procter & Gamble na Amurka ya fito da Tide a 1946, daga baya Omo ya shigo kasuwanninmu ya yi kaka-gida har ya zama kowane garin sabulu omo muke ce masa, ko wane kamfani ya yi shi. Ruwan tausasa kaya shi ne ƙaninsu, domin irin su Downy a farkon shekarun 1960 suka bazu a Amurka. Waɗannan kayayyaki sun rage mana wahala ƙwarai, babu mai musun wannan. Sai dai sun fi sabulun da ƙarfi nesa ba kusa ba, mu kuma hannunmu bai rage yawan ɗiba ba.

Abubuwa uku ne suke taruwa su haifar da wannan yauƙi. Na farko yawan sabulu, musamman a injin nan mai ƙofa a gaba, wanda da ma ruwa kaɗan yake sha. Shi wannan inji ɗaga kaya yake yi yana sakowa, faɗuwar ce take madadin cuɗa. Idan kumfa ta cika ciki, sai kaya su riƙa faɗawa kan kumfa kamar a kan katifa, wanki ya ragu, ruwan ɗauraya kuma ya kasa ƙarar da sabulun. Na biyu irin ruwan. Wasu rijiyoyi da burtsatse ruwansu yana da zartsi, wato yana ɗauke da sinadaran kalsiyam da magniziyam. Waɗannan idan suka haɗu da sabulu, musamman na sanda, sai su zama wani farin kitse-kitse da ba ya narkewa, irin wanda kike gani ya yi zobe a jikin baho. Na uku kuwa ruwan laushi. Shi ba wanki yake yi ba, an yi shi ne domin ya manne a jikin zare ya lulluɓe shi da santsi. Shi ya sa tawul da aka saba zuba masa shi za ki ji shi da taushi a hannu, amma ya rage tsotse ruwa. Bugu da ƙari, sinadarinsa da na yawancin garin sabulu kishiyoyin juna ne, idan suka gamu sai su kama juna su zama wani danƙo mai kama da kakin zuma. Dalilin da ya sa ke nan inji ba ya sakin ruwan laushi sai a ɗaurayar ƙarshe. Idan sabulu ya yi yawa har bai gama fita ba, to gamuwar nan ba makawa.

Wannan danƙo idan ya samu lema da ɗumi da duhu, sai ya zama gona ga ƙwayoyin cuta da fumfuna. A 2012 wasu masu bincike a Japan sun bayyana cewa wata ƙwayar cuta mai suna Moraxella osloensis tana kan gaba wajen haddasa warin nan na jiƙaƙƙen tsumma a kayan da aka riga aka wanke. Tana zaune a zare, tana jure bushewa, da ta ji lema sai wari ya tashi. Ashe abin da nake ta yaƙa da turare, ni ce nake ciyar da shi da hannuna.

Kada mai wankin hannu ko mai inji mai baho biyu ta ce wannan bai shafe ta ba. Duk wadda ke sayen ruwa a wurin 'yan garuwa ta san inda ake yin tsimi: a ɗauraya. Sabulu a zuba da yawa, ɗauraya a yi sau ɗaya saboda jarka ta kusa ƙarewa, ko saboda ana tsoron kada a ɗauke wuta. Sai zani ya bushe ya yi ƙandas, farin hijabi ya koma ruwan toka, wani lokaci jariri mai laushin fata ya kama susa.

Me ya sa muke ƙarawa?

Na tambayi kaina, ni da na iya karatu, kuma ga ma'auni a rubuce a bayan leda, me ya hana ni bi? Amsar da na samu ba ta yi mini daɗi ba. Ina ƙara sabulu ne domin ina son in ga kumfa. Kumfa ce ke sa zuciyata ta kwanta cewa na yi aiki. Alhali kuwa yawan kumfa ba ya nuna yawan tsafta, har ma sabulun da aka yi musamman don inji mai ƙofa a gaba, da gangan ake rage masa kumfa. Turawa ma sun ga ƙarshen kumfa. A shekarun 1950 zuwa farkon 1960 koguna a Turai da Amurka sun riƙa yin tulin kumfa saboda wani sinadarin wanki da ba ya ruɓewa a ruwa, sai da aka canja shi zuwa tsakiyar shekarun 1960 sannan abin ya lafa. Abin da aka zuba fiye da ƙima bai ɓace ba, wani wuri ya je ya taru.

Haka ma ƙamshi. Ƙamshi ni'ima ne, kuma mace mai tsafta da ƙamshi ake saninta. Amma ƙamshi yana iya zama a kan tsafta, yana kuma iya zama a kan dauɗa, hanci ba koyaushe yake rarrabewa ba. Haka farin da ido ke gani. Bular da masu wanki da guga ke sa wa fararen kaya ba ta cire komai, tana dai rufe rawaya-rawayar da ke jikinsu ne ido ya ga fari. Galibin garin sabulu ma akwai wani sinadari a cikinsa mai irin wannan aiki. Babu laifi a cikin bula ko turare idan sun zo bayan wanki. Laifin yana farawa ne ranar da suka tsaya a madadinsa.

Abin sha'awa shi ne, wannan magana ta ɗauraya mun karanta ta tun muna 'yan mata a Islamiyya, ba mu dai haɗa ta da bahon wanki ba. Wadda ta karanta Ishmawi za ta tuna babin da ke bayanin kashe-kashen ruwa. A mazhabar Malikiyya, ruwan da ake ibada da shi, kuma wanda ke kawar da hukuncin najasa, shi ne ruwa zalla wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai canja da wani abu baƙo ba. Ruwan da sabulu ya canja mai tsarki ne a kan kansa, amma ba shi ke tsarkake tufar salla ba. Saboda haka zanin da fitsarin jariri ya taɓa, ko an cuɗa shi da sabulu mafi tsada, sai ruwa zalla ya bi ta kansa ya tafi da najasar. Shi ya sa ya fi kwanciyar hankali ki fara wanke wurin najasa da ruwa kafin ki jefa kaya a inji. Kuma ya inganta cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da mudu ɗaya na ruwa yake alwala, da sa'i ɗaya yake wanka, wato mudu huɗu, wani lokaci ya kai biyar. Wanda ya fi kowa tsafta da ma'auni ya yi tsaftarsa.

Sabulun baki

To yanzu mu dawo kan tambayarmu. A gidajenmu akwai wani sabulu da muke amfani da shi kullum, shi ne faɗa da nasiha da tsawatarwa. Uwa tana wanke ɗanta da shi, uwargida tana wanke 'yar aiki da shi, har miji da mata suna wanke juna da shi. Kuma sabulu ne na gaske, domin gidan da ba a cewa "bari" ba ya tarbiyya. Amma ki duba yadda muke yi. Yaro ya fasa kofi, an yi masa faɗa, ya fahimta, ya ba da haƙuri. Nan ne ya kamata a ɗauraye, a wuce wurin. Ina! Da daddare a gaya wa babansa a gabansa. Gobe baƙuwa ta zo a ba ta labari yana tsaye. Bayan wata uku ya zubar da shayi, sai a tono kofin: "Da ma halinka ne, ba kai ne ka fasa mini kofi ba?" Faɗan farko gyara ne. Na biyu da na uku da na goma mita ce da gori, su ne sabulun da ya rage a jikin zare.

Me wannan ragowar take zama? Irin abin da mai gyara ya zaro mini. Yaron da aka yi wa mita ba ya daina laifi, yana dai koyon ɓoyewa. 'Yar aikin da kullum ake tuna mata kuskuren bara, sai ta daina faɗin gaskiya in ta ƙona riga, ta cusa ta ƙarƙashin kaya. Mijin da ya san duk saɓanin yau sai an karanto masa na shekara bakwai, sai ya fara daɗewa a majalisa. Daga waje gida fes, ana sallama ana fara'a. A can ƙarƙashin roba kuwa abu yana taruwa, ranar da aka ɗan yi gumi sai wari ya tashi, a ce, "Wai me ya shiga kan yaron nan?" Sai kuma mu yi abin da na yi wa injina, mu ƙara ludayi.

Ɗaurayar faɗa ita ce yafiya, da sakin magana ta tafi. Kuma kamar yadda ruwan ɗauraya ya fi sabulu yawa a kowane wanki, haka ya kamata sakin fuska da wasa da yabo su fi tsawa yawa a gida. Hausawa sun ce yawan gaisuwa ya fi yawan faɗa. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma ba mu taɓa jin harshe ya ƙaurace wa baki ba.

Akwai kuma ruwan laushi na zaman tare, kuma a nan ne da yawa daga cikinmu muke ruɗuwa. An yi saɓani, ba a zauna an warware ba, ba wanda ya ce "na yi kuskure", sai maigida ya shigo da tsire ko turmin atamfa, a karɓa a yi godiya, a ɗauka magana ta wuce. Ko uwa ta zane yaro a kan laifin da ba nasa ba, maimakon ta ce masa ya yi haƙuri, sai ta miƙa masa alewa. Ko kishiyoyi su riƙa "Yaya" da "ƙanwata" da murmushi, alhali kowacce ta ƙunshe abu a ciki, yana fitowa ta habaici. Kyauta da daɗin baki abubuwa ne masu kyau, amma lokacinsu bayan ɗauraya ne. Idan aka zuba su a kan fushin da bai fita ba, sai su haɗu su zama danƙo. Irin wannan zama kamar tawul ɗin nan ne, ga taushi a hannu, amma ranar da ɗaya ya zo da hawaye ba zai samu abin da zai share masa su ba.

To a bar yara su lalace?

Na san wata 'yar'uwa za ta ce, "Haba, wannan ai koya wa mata sakaci ne. Zamanin nan da yara suka fi ƙarfin iyaye, shi ne za a ce a rage faɗa? Ba an ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi ba? Ba an ce ka ƙi naka duniya ta so shi ba?" Wannan magana tana da nauyi, kuma ban zo in rushe ta ba. Hasali ma injin wanki yana goyon bayanta, domin ƙarancin sabulu shi ma yana ɓata kaya. Idan sabulu bai isa ya riƙe dattin da ya fito ba, sai dattin ya koma ya kwanta, fari ya dushe, maiƙo ya taru a jikin inji. Mai ƙwauron sabulu da mai almubazzaranci da shi duk wuri ɗaya suke ƙarewa. Uwar da ba ta taɓa cewa "bari" ta cuci ɗanta, babu tantama.

Saboda haka abin nema shi ne ma'auni, kuma ma'auni ba ɗaya ba ne ga kowane wanki. Masu yin sabulu sukan ce a duba abu uku: yawan kaya, yawan datti, da irin ruwa. Yunifom ɗin yaron da ya buga ƙwallo da hijabin da aka sa sau ɗaya ba sabulu ɗaya suke buƙata ba. Leshi ba a cuɗa shi kamar buhu. Haka yaro ɗan shekara 4 da ya yi ɓarna cikin rashin sani, da ɗan shekara 14 da ya yi ƙarya da gangan, ba faɗa ɗaya za a yi musu ba. Wani yaron harara ta ishe shi, wani sai an zaunar da shi. Kuma icce ɗanye da ake tanƙwarawa, a hankali ake yi, wanda ya danne shi da ƙarfi karya shi zai yi.

Nan ne amsar tambayata ta fito mini. Gyara yana komawa ɓarna ne a daidai lokacin da ya daina zama domin wanda ake gyarawa, ya koma domin mai gyaran. Ludayin farko domin riga na zuba shi. Na biyu domin kaina ne, don in ga kumfa hankalina ya kwanta. Faɗan farko domin yaro ne. Na biyu sau da yawa domin in huce ne, ko don baƙuwa ta ce lallai Hajiya ba ta wasa da tarbiyya. Kyakkyawar niyya tana da ladanta, amma ba ta ɗauke wa mutum nauyin sanin ƙima. Mai jinyar da ta ninka wa ɗanta magani don tana son ya warke da wuri, sonsa take yi, amma wannan ba zai hana maganin cutar da shi ba. Kafin ki buɗe baki karo na biyu, ki tambayi kanki: wannan da zan faɗa, akwai sauran dattin da zai fitar, ko kuwa kumfa kawai nake so in gani?

Mai wanki ma a wanke shi

Saura abu ɗaya. Shekara da shekaru injin nan yana wanke kayan gidana, ban taɓa tunanin shi ma yana buƙatar wanki ba. Gani nake yi tunda kullum cikin ruwa da sabulu yake, ai ya fi komai tsafta a gidan. Ashe duk dattin da ya bi ta cikinsa yana bar masa kaso, har ya kai ga abin da aka saka masa da tsafta ma yana fitowa da wari. Mu iyaye mata haka muke. Mu ne masu gyara kowa, daga miji har 'yan aiki, sai mu ɗauka mun wuce gyara. Wanzami ba ya son jarfa, in ji Hausawa, kuma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Gajiya da ɓacin ran miji da maganar dangi suna taruwa mana a ciki, sai yaro ya yi ɗan kuskure mu juye masa abin da ba shi ya tara ba.

Wankin inji ba shi da wuya, ga yadda ake yi. Kamar sau ɗaya a wata, ki kunna shi babu kaya a ciki, da ruwa mafi zafi da yake iya yi, digiri 60 ko 90, da maganin wanke inji ko ɗan bilic. In ruwanku mai zartsi ne, garin tsamin lemo da ake sayarwa don wannan aiki yana narkar da farin ɓawon da ke kamawa. Amma ki kiyaye, kada ki kuskura ki haɗa bilic da ruwan kal ko wani abu mai tsami, domin haɗuwarsu tana fitar da iska mai guba da ke ƙona huhu. Ki zaro aljihun sabulu ki wanke da tsohon buroshi, ki goge cikin robar ƙofa, ki buɗe matatar ƙasa ki zubar da abin da ta tara. Bayan kowane wanki ki fitar da kaya nan take, ki bar ƙofa a ɗan buɗe iska ta shiga, tare da lura kada ƙaramin yaro ya shige ciki. Ki riƙa auna sabulu, kada ki cusa kaya har inji ya kasa juyi, ruwan laushi kuma kada ya wuce layin da aka zana, tawul da ƙyallen jariri ma a bar su babu shi. Mai baho biyu da mai wankin hannu kuwa, gara ki rage sabulu ki ƙara ɗauraya, za ki ga ruwan ma ya fi auki.

Wankin mai gyaran gida shi ne ya fi wuya, domin yana buƙatar ki zauna ke kaɗai babu kayan kowa a ciki, ki duba naki. Ni dai ranar da mai gyara ya tafi, na daɗe zaune ina kallon baƙin yauƙin nan a cikin bokiti. Sannan na kira yarinyar nan na ce, "'Yata, zo ki gani. Warin nan da nake ta ɗora miki, ashe ni ce. Ki yafe mini." Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba komai, Mama, Allah ya yafe mana." Kalmomi kaɗan ne, amma sun fi mini nauyi a baki fiye da duk faɗan da na yi mata. Bayan kwana biyu ta zo da kanta ta nuna mini wani kallabi da ta ƙona da dutsen guga tun watan jiya ta ɓoye. Na duba shi, na ce ta riƙa rage wuta in za ta goge irinsa, na bar maganar a nan. Ban sake ɗaga ta ba.

'Yar'uwa, ki duba gidanki yau. Wataƙila akwai wani faɗa da kika yi tun bara wanda har yanzu ba ki ɗauraye ba, yana nan manne a zuciyar ɗanki ko 'yar riƙonki ko abokiyar zamanki. Kada wankin hula ya kai ki dare.

Allah ya tsarkake mana tufafinmu da zukatanmu, ya ba mu ikon sanin ƙima a cikin dukkan al'amuranmu, ya zaunar da gidajenmu lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.